Guzurin Da Muka Cinye A Gida

Innata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan farinta, kuma a ƙauyenmu da ke bayan Tabotaki, macen da ta san ciwon kanta ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma kallonsa ido cikin ido. Da aka yaye ni sai aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar babana, a cikin gida ɗaya, kusa da ƙofar inna. Can na girma. In inna tana son gaya mini wani abu, sai ta gaya wa iska, ko ta gaya wa akuyar da ke ɗaure a gindin rumbu.

"A gaya ma yaron can tuwonai na hucewa."

Ni kuwa ina nan zaune gabanta, in na miƙa hannu sai in taɓa bakin zanenta. Sai in tashi in ɗauki tuwon, in tarar da man shanu a ɓoye ƙarƙashinsa, wanda ƙannena ba su samu ba.

Haka na koyi karanta ta. Ba na dogara da bakinta, tun da bakin ba nawa ba ne. Hannunta nake kallo, da fuskarta in ta ɗauka ba na gani. Na yi zaton na ƙware, har alfahari nake yi a raina cewa duk gidan ba wanda ya san inna kamar ni da ba ta yi wa magana.

A Madawa na yi lise, wato babbar sakandaren da ke bin koleji. Tun ina koleji nake son aikin likita, kuma ba zan yi ƙaryar cewa wani babban tausayi ne ya fara ja na ba. Abin nan da suke ratayawa a wuya suna sauraron ƙirji, shi ya fara burge ni. Daga baya ne son ya yi saiwa, ya zama na gaske. Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama lise, sakamakona ya yi kyau, sunana ya fito cikin waɗanda aka ba burs, wato tallafin karatu, su je Aljeriya karatun likita. Aka ce mu shirya, tafiya sai ƙarshen damina. Da labari ya iso gida, maƙwabta suka cika tsakar gida da guɗa, kakata ta yi rawa da sandarta. Inna tana ta tankaɗe kamar ba a gidanta ake yi ba. Sai da mutane suka watse na ji ta ce wa akuya, "A ce ma likitan can ga hura nan." Daga ranar ta daina ce mini yaron can.

Zaman jiran tafiya ya ishe ni. Noma ban iya shi da kyau ba, ƙannena ma dariya suke yi mini in na riƙe hauya. Sai na je gidan likitan da ke kusa da mu na ce zan taimaka, ba don a biya ni ba, don hannuna ya saba kafin in tafi. Mai riƙe da wurin, wanda muke ce wa majo, ma'aikacin jinya ne, shi da ungozoma ɗaya kawai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ciro wata farar riga da ta yi mini yawa ya jefo mini.

Wanda bai ga gidan likitan ƙauye da damina ba, bai san palu ba, wato zazzaɓin cizon sauro. Gero yana kore shar a gonaki, rumbuna kuwa sun yi ƙasa, sauro ya samu ruwa. Tun hantsi amalanken jakuna ke jere a bakin ƙofa. Uwa ta sauko da yaro a kafaɗa, jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu, idanu sun kafe. Aikina shi ne in auna damtsen yara da igiyar nan mai launi uku, in tsaga yatsa a duba jini, in riƙe sirum ɗin ƙarin ruwa in babu inda za a rataye shi. Wasu ranakun mu bi gida gida da maganin rigakafi, a murƙushe shi a cokali, yaro ya haɗiye rabi ya fesa mini rabi a fuska. Majo ya koya mini neman jijiya a hannun yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, kuma Allah ya sa hannuna ya karɓa da wuri. Mata suka fara cewa a kira musu ƙaramin likita. Ina jin daɗin sunan nan, ba zan ɓoye ba. In na dawo gida ma ba na cire rigar sai na tabbata kowa ya gan ni.

Da tafiya ta matso, wata rana muna wanke hannu majo ya ce, "Kai ko za ka tahi ka bar ni da su? Ga palu yanzu yat taso. Da ka bari damina ta wuce. Burs ba shi gudu, baɗi ma akwai." Da zuciya ɗaya ya faɗa, haka ya ɗauka abin yake. Ni ma ban san ba haka ba ne.

Maganar ta zauna mini. Ina son tafiya ƙwarai, har mafarkin dusar ƙanƙara nake yi, ni da ban taɓa wuce Tawa ba sai zuwa Yamai neman paspor. Amma in na dubi layin amalanke sai in ji kamar wanda zai tashi daga gaban akushi ana tsakiyar rabon abinci. Na kira babana, yana ci-rani a Abijan kamar yawancin mazan garinmu. Bai ja zance ba.

"Ni ina nesa. Abin da innarka tac ce, shi na."

To, ga inda gizo ke saƙar. Yaya zan tambayi matar da ba ta yi mini magana? Na bi hanyar da aka saba, na aiki kakata. Ita kuwa tsohuwar nan, tun ina goye take ce mini mijinta, ba ta iya gaya mini ko da ana sallama da ni ba tare da ta sa wasa ba. Ta shiga ɗakin inna, ta ɗan jima, ta fito tana dogara sanda.

"Ta ce ka tahi. Ni ko na ce in ka ƙetare Agadas, na ɗaura aure da mai goro, ba ni zaman jiran miji."

"Kaka, bar wasa. Hakanan tac ce? Ba ta ƙara komi ba?"

"Mi za ta ƙara? Ta ce a tahi."

A wurinmu akwai kara. Baƙo yana jin yunwa kamar ya mutu, a kawo masa tuwo ya ce ya ƙoshi. Mai gida ya ce ɗauki duka, ɗan halas ya ɗauki rabi. Maganar farko ba ita ce magana ba, kowa ya san wannan. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce wa ɗa ya bar karatu ya zauna gindinta? Dole ta ce tafi. Aikin ɗa mai hankali ne ya gane abin da ke bayan maganar, ya rama karar da aka yi masa. Haka na lissafa, sai na koma ga sana'ata ta tun ƙuruciya, na sa wa inna ido.

Abin da na gani bai bar mini shakka ba. Ta daina zuwa hirar la'asar a gidan maƙwabta. Kullum na dawo daga gidan likita tana bayan ɗaki wajen turmi, ita kaɗai. In ta ji motsina sai ta ja faifai ta rufe abin da take yi, ta juya mini baya. Sau da yawa na hango idanunta jawur, tana share su da bakin kallabi. Tuwonta ma sai ta taɓa kaɗan ta ture. Na ce a raina, shi ke nan, matar nan kuka take yi a ɓoye. Mijinta yana bakin teku, yanzu kuma ɗanta zai ƙetare hamada. Zuciyata ta karye, kuma a ƙarƙashin karyewar akwai wani daɗi, don ban taɓa ganin shaidar cewa tana so na ƙarara kamar wannan ba.

Ana cikin haka aka kawo wata yarinya da rana tsaka tana jijjiga, majo ya tafi wani ƙauye da moto, wato babur. Ungozoma ta nemi jijiya ta rasa. Na karɓi hannun, na yi bisimilla, allura ta shiga. Muka sa mata abin da majo ya saba sawa, kafin ya dawo ta lafa, bayan ƴan kwanaki ta tafi gida da ƙafarta. Ban taɓa yin da-na-sanin wannan yarinya ba, kuma ba zan yi ba. Amma ranar nan kaina ya kumbura. Na ga kamar in na tafi, garin zai mutu a bayana.

Da na koma gida na zauna ƙofar kakata, na ɗaga murya yadda za a ji a bayan ɗaki.

"Kaka, ki bar mai goro ya huta. Ba ni tahiya bana. Yara na mutuwa, majo shi ɗai na. Sai baɗi in Allah ya kai mu."

Taɓarya ta tsaya. Na ji tsayawarta sarai. Kakata ta dube ni, karo na farko a rayuwata ba ta mayar mini da wasa ba. Can sai muryar inna ta fito, tana yi da akuya.

"To. Allah shi sa haka ta hi alheri."

Taɓarya ta ci gaba. Ni da na ƙware a karatun inna, na ji sauƙi a cikin muryar nan. Na kwanta ranar ina ganin kaina ɗan kirki, wanda ya ceci yaran gari ya kuma share wa uwarsa hawaye da jifa ɗaya.

Damina ta wuce, aka yi girbi, layin amalanke ya ragu, majo ya yi mini godiya. Abin da na fi tunawa da ranin nan, abin dariya ne, miyar gidanmu. Gabu ya yi mana yawa. Wanda bai san gabu ba, ganyen albasa ne da ake kirɓawa a shanya, sai a toya a daka a sa a miya, ɗan kaɗan ya isa. To mu a shekarar nan, miyar kuka gabu, miyar kuɓewa gabu, dafa-duka gabu, ga yaji mai yawa a kan komai har ɗanwake ya gaji. Wata rana na ture akushi na ce, "Wai gidanga gabu ya yi arha na? Ko rumbu guda anka gada?" Ƙanwata da ke bi na ta ƙunshe dariya.

Da baɗin ta zo na je Yamai da takarduna ina taƙama. Ma'aikacin ofishin burs ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wurin na waɗanda suka ci bak a shekarar ne, nawa an ba wani tun bara. Na yi masa bayanin palu da layin amalanke. Ya ce Allah ya ba da lada. Na shiga fakilte, sashen likita na jami'a, a nan gida da kai da ya riga ya huce, cikin taron da in ka makara ko allo ba ka hangowa. Na faɗi, na maimaita, na sake faɗi. Daga nan na shiga makarantar jinya, na fito, aka yi ta juya ni daga wannan gari zuwa wancan. Yau ni ne majo a wani gidan likita a ƙasar Garhanga. Ni ma ina da farar riga mai yawa da nake jefa wa ɗalibai masu jiran tafiya, amma ban taɓa ce wa ko ɗayansu ya bari damina ta wuce ba.

Aikina ba abin kunya ba ne, ina cin halalina, mutane suna girmama ni. Sai dai akwai lokacin da abin ke tsaya mini a wuya. A kawo mace haihuwa ta gardama, na san abin da ke damunta, na san abin da ya kamata a yi, amma ba ni da ilimin wuƙa, ba ni da izininta. Sai in kira mota in sa ta, in tsaya ina kallon motar tana hawa duwatsu zuwa asibitin Keita, ina addu'a ta isa. Wani abokina da muka ci bak tare, wanda nake koya wa lissafi a lise, ya tafi a shekarar da na zauna. Yau irin waɗannan matan yake yi wa aiki. In mun haɗu yana rungume ni da gaske, ni kuma ina yi masa murna da rabin zuciya, Allah ya yafe mini. Duk da haka ina da abin da nake rarrashin kaina da shi. Nakan ce ai don inna na zauna. Wanda ya bar abu don uwarsa bai yi asara ba. Shekara da shekaru wannan magana ce matashin kaina.

Bayan rasuwar kakata, ƙanwata ta kawo mini ziyara da ƴaƴanta. Ta zo da ƙullin gabu daga inna. Matata ta toya shi da rana, ƙamshi ya cika gida, muna zaune a inuwa sai ƙanwata ta fashe da dariya.

"Yaya, ka tuna shekarad da munka ci guzurinka? Har kac ce ko rumbu guda anka gada."

Na ce wane guzuri. Ta daina dariya, ta dube ni, don ita ta ɗauka tuntuni na sani. Sai ta ba ni labari. Ashe tun ranar da sunana ya fito, inna ta sa mayafi ta tafi gidan wani dattijo da ya daɗe yana ci-rani a Tamanrasset ta Aljeriya, ta tambaye shi abin da mutanen can ke ci. Ya ce mata burodi, safe da rana da dare, babu kuka, babu gabu, babu daddawa. Ta dawo tana cewa yaro ba shi rayuwa da burodi. Daga nan ta shiga toya gabu, da yanka kuɓewa tana shanyawa duk ranar da hadari ya ba da sarari, da dakan yaji. Tana rufewa da faifai in ta ji ni, don abin kunya ne a ga uwa tana rawar jiki a kan ɗan fari. Ta ɗinka ƴan jakunkuna da tsohon zanenta, ta cika su, ta ɓoye ƙarƙashin gadon kakata, gadon da nake zama a kansa kullum. Da na ce ba ni tafiya, ta bar su har bayan girbi ko zan sake shawara. Sannan ta fara farke su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "To hawayen hwa? Da idona na ga tana kuka."

Ƙanwata ta ce, "Yaya, ka taɓa dakan barkono?"

Ban ci abincin ranar ba. Na ji haushin kakata da ke kabari, na ji haushin majo, na ji haushin al'adar da ta sa uwa da ɗa suna gida ɗaya sai sun nemi akuya ta shiga tsakaninsu. Da na gama zagaye da haushin, na ga ba inda zai sauka. Kakata ta kawo saƙo daidai yadda aka ba ta. An ce in tafi.

Da na samu hutu na hau moto na nufi gida. Na tarar da inna da hantsi a gindin rumbu tana tsince wake, ta tsufa, idonta ya rage gani. Wata akuya ce daban a ɗaure a wurin, jikar waccan ko tattaɓa-kunnenta. Na gaishe ta, ta amsa wa iska kamar kullum. Na zauna ɗan nesa. Ban san yadda ake fara irin wannan magana da ita ba, sai na yi yadda na ga tana yi tun ina yaro, na juya wajen akuya.

"Ashe wata shekara an daka ma wani mai tahiya guzuri cikin gidanga."

Hannunta ya tsaya a cikin wake. Sai ta amsa wa akuyar.

"An daka. Mai tahiya bai tahi ba, munka ci abinmu."

"Shi ya ɗauka ba a son shi tahi. Ya ga ana kuka."

"Wa ka rasa kuka ɗa za shi uwa duniya? Amma an so shi tahi. Sai yac ce yara na mutuwa. Wa za ya ce ma ɗa, bar masu mutuwa ka tahi neman girma? Ni ba ni shiga tsakanin mutum da ladatai."

Na ce, "Da an ce mai shi tahi."

"An ce."

"Da an ƙara hwaɗi."

Sai ta ɗago kai. Ba akuya ta kalla ba, ni ta kalla, da idanun nan da suka yi fari-fari, kuma ban tuna wata rana da ta taɓa yin haka ba.

"Sau nawa uwa ka hwaɗa ma ɗan hwari?"

Ta mayar da kanta ga wake. Muka zauna haka har rana ta take tsaka. Sannan ta dafa rumbu ta miƙe, ta shiga madafa, na ji motsin akushi. Ta fito ta ajiye shi a inda ta saba ajiyewa, ta juya baya.

"A ce ma likitan can tuwonai na hucewa."

Na jawo akushin na buɗe. Miyar kuka ce da gabu. Na sa hannu na ɗaga tuwon, man shanu yana nan a ƙarƙashi, na kasa kai loma baki.